Sharhi: Lambar 18 a Kan Wasannin Bidiyo na Kashe-kashe



Yau zan kai ku nesa, can ƙasar Ostareliya, inda aka yi shekara da shekaru ana kai ruwa rana a kan tambaya guda. Wasan bidiyo mai harbe-harbe da zubar da jini, wanda yaranmu ke kira gem, a hana shi shiga ƙasa baki ɗaya, ko kuwa a bar shi ya shigo amma a rubuta a jikinsa cewa na manya ne, kada a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba? Na san idan na tsaya a nan na ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, yawancin iyayen da ke saurarona za su ce a hana kawai, a huta. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, domin mutanen Ostareliya sun gwada hanawar, kuma abin da ya biyo baya ya cancanci mu ji shi.

A ƙasar a wancan lokaci, doka ce ba a sayar da fim ko wasan bidiyo sai hukumar tantancewa ta gwamnati ta duba shi ta sa shi a rukunin shekarun da ya dace. Fina-finai suna da rukunin manya zalla tun 1971. Amma da aka zo tsara na wasannin bidiyo a shekarun 1990, sai aka tsaya a 15. Rukuni mafi girma shi ne wanda suke kira MA15+. Tunanin mahukunta a lokacin shi ne wasa ai na yara ne, kuma mai kallon fim zaune yake kawai, shi kuwa mai gem da hannunsa yake danna kunamar bindiga, don haka a tsananta. Duk wasan da ya fi ƙarfin ɗan shekara 15, sai hukumar ta ƙi ba shi rukuni. Wanda aka ƙi kuwa ya haramta a sayar da shi ko a tallata shi, kuma jami'an kwastan na iya ƙwace shi idan wani ya yi odarsa daga waje.

Wanda ya ji wannan zai ce madalla, an kare yara. To ga yadda abin ya kasance a aikace.

Kamfanonin da ke yin waɗannan wasanni suna zuba kuɗi masu yawa, ba za su yarda su rasa kasuwar ƙasa guda ba. Sai su ɗan rage wani abu, su sake kai wa hukuma, a ba su 15. A 2008 an ƙi wani wasa mai suna Fallout 3. Abin da ya jawo masa shi ne a cikinsa ana amfani da allurar mofin da ainihin sunanta, ɗan wasa ya yi wa kansa ya ji ƙarfi. Kamfanin ya canza wa allurar suna, ya ba ta wani na ƙirƙira, sai aka ba wasan rukunin 15. Harbin da ke tarwatsa kan mutum yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Wannan wasan a Birtaniya lambar 18 ke jikinsa.

Shekara guda bayan haka, a 2009, aka fitar da Call of Duty: Modern Warfare 2. A cikinsa akwai wani mataki da ɗan wasa ke shiga filin jirgin sama tare da 'yan ta'adda, suna buɗe wuta a kan fasinjoji waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kamfanin da kansa ya sa gargaɗi, ya ba da damar a tsallake wurin. Birtaniya ta ce wannan na ɗan 18 ne. A Ostareliya, ƙasar da ta ce ba ta yarda da wasan manya ba, yaro ɗan shekara 15 na iya shiga shago shi kaɗai ya saya, doka ba ta hana shi ba. An yi gudun gara an tadda zago.

Wannan shi ne gurbin da nake so ku riƙe. Rashin rukunin manya bai sa wasannin manya sun ɓace ba. Kaɗan ne aka hana. Saura an tura su cikin rukunin matasa, aka manna musu lambar da ke gaya wa uwa da uba cewa ɗanku ɗan aji huɗu na sakandare zai iya. Uban da ya yarda da hukuma, ya duba kwali ya ga 15, shi aka yaudara. Waɗanda aka hana ɗin ma, kamar Left 4 Dead 2 da aka ƙi a 2009 sai da aka goge masa jini da gawawwaki, da Mortal Kombat da aka ƙi a 2011, masu so sun riƙa samunsu ta intanet ko ta hannun wani a ƙetare, inda babu mai shagon da zai tambayi shekarun kowa.

Me ya hana a gyara tun da wuri? Tsarin ƙasar ya tanadi cewa ba a taɓa rukunan nan sai gwamnatin tarayya da manyan lauyoyin gwamnati na dukkan jihohi da yankuna sun amince baki ɗaya. Mutum ɗaya ya ce a'a, magana ta tsaya. Kuma an sami mutum ɗayan: Michael Atkinson, antoni-janar na jihar Ostareliya ta Kudu daga 2002 zuwa 2010.

Masu sha'awar gem sun zage shi iya zagi, har wasu suka kafa ƙaramar jam'iyya don su kayar da shi a mazaɓarsa a zaɓen 2010, ba su kuwa yi nasara ba. Ya kuma faɗa cewa an taɓa zura masa takardar barazana ta ƙarƙashin ƙofar gidansa. Wanda ya yi wannan bai taimaki kowa ba, sai ma ya ƙarfafa zargin da ake yi wa masu wasan. Ni kuwa ba zan raina hujjar mutumin ba, domin hujjar uba ce. Cewa yake, da zarar faifan ya shiga gida, lambar da ke jikinsa ba ta da ƙafar da za ta bi shi ɗaki. Yaya ya saya, ƙane ya ɗauka. Uba ya tafi aiki, yara sun kunna. Kuma yara sun fi iyayensu sanin na'urar nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗansa waya ya ce gyara min wannan, ya san Atkinson bai yi ƙarya ba. Ƙungiyoyin Kirista na ƙasar ma sun mara masa baya a kan haka. Inda na rabu da shi shi ne, tsoron nasa gaskiya ne amma maganin da ya riƙe bai yi aiki ba, domin abin da yake gudu ya riga ya shiga gidajen, kuma da lambar ƙarya ya shiga.

Akwai kuma batun su wa ke yin wasan. Binciken da Jami'ar Bond ta ƙasar ta fitar a wancan lokaci ya nuna matsakaicin shekarun mai wasan bidiyo a Ostareliya ya kai 30. Magidanta ne, masu aiki, masu 'ya'ya. Sai suka ce, an yarda mu yi zaɓe, an yarda mu shiga soja, an yarda mu kalli fim ɗin manya a silima, don me za a ce a wasa kaɗai ba mu wuce ɗan 15 ba? A ƙarshen 2009 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a. Takardu kusan 60,000 suka shigo, kashi 98 cikin ɗari suna goyon bayan a kafa rukunin 18. Gaskiya ne da yawa daga ciki ta hannun shagunan sayar da wasannin aka tattaro su, don haka ba za a ce muryar ƙasa ce gaba ɗaya ba. Amma yawan ya isa ya girgiza 'yan siyasa. Atkinson ya sauka daga muƙaminsa a watan Maris na 2010, a 2011 manyan lauyoyin suka cimma matsaya, majalisa ta zartar da doka a 2012, rukunin R18+ ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013.

Kada wani ya ɗauka an buɗe ƙofa ne kowa ya shigo da abin da ya ga dama. Cikin watanni shida da fara sabon tsarin, a watan Yunin 2013, hukumar ta ƙi Saints Row IV saboda cin zarafi ta hanyar lalata da kuma ba da lada a kan shan ƙwaya. A farkon 2015 ta ƙi Hotline Miami 2 saboda wani wuri da ke nuna fyaɗe. Wato sun ce akwai na yara, akwai na matasa, akwai na manya, akwai kuma wanda ko babba ba za a sayar masa ba. A ganina wannan shi ne daidai. Al'ummar da ta ce babu iyaka kwata-kwata ta yar da haƙƙin da ke wuyanta.

Amurka wata hanya ta bi. A ƙarshen 1993 Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zaman sauraro a kan Mortal Kombat da wani wasa mai suna Night Trap, ƙarƙashin jagorancin Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl. Da kamfanoni suka ga gwamnati na shirin sa hannu, sai suka kafa tasu hukumar, ESRB, a 1994, suna manna wa kayansu alama da kansu. A 2005 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa duk wanda ya sayar wa yaro wasan kashe-kashe za a ci shi tarar da ta kai dala 1,000. Gwamnan da ya sa mata hannu shi ne Arnold Schwarzenegger. Kotun Ƙoli ta rushe dokar a watan Yunin 2011, alƙalai 7 suka rinjayi 2, suka ce wasan bidiyo yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki kamar littafi da fim. Wannan tsarin mulkinsu ne da al'adarsu, ba lallai ya dace da kowa ba. Amma ku lura, ko a can ɗin, manyan shaguna kan nemi katin shaida kafin su miƙa wa matashi faifai mai alamar manya.

Yanzu ga tambayar da na san tana cin ran kowa: shin wasannin nan suna mayar da yaro mai kisa? Masana sun daɗe suna jayayya. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin yawan yin su da ƙaruwar zafin rai da saurin fushi. A 2020 ƙungiyar ta sake fitowa ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da za ta sa a ɗora musu laifin aikata ta'asa a zahiri. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, a kan matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, bai ga alaƙa tsakanin wasan da halin faɗa ba. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi yin gem a duniya, kuma suna cikin masu ƙarancin kisan kai. Saboda haka wanda ya ce gem ne ke haifar da 'yan daba ya wuce abin da aka tabbatar. Daba ta girmi PlayStation a garuruwanmu. Talauci da zaman banza da ƙwaya da 'yan siyasar da ke raba wa matasa makami, su ne a gaba, kuma ba na so mu sami wani abu mai sauƙin zargi mu ɗora masa, mu manta da su.

Sai dai tambayar kisa ba ita kaɗai ba ce tambaya, ba kuma ita ce uwa take yi ba. Uwa tana tambaya ne, ya dace ɗana ɗan shekara tara ya kwana yana kallon ana fille kai? Ya dace ya koyi ashar da Turanci kafin ya haddace izu ɗaya? Ya dace ya yi wasan da ake samun maki ta hanyar satar mota da take mai tafiya a ƙasa da bin gidan karuwai? Wannan ba ya buƙatar binciken jami'a. Tarbiyya ce, kuma hurumin iyaye ne. A yankinmu ma abin ya fi nauyi, domin muna da yaran da suka ji ƙarar bindiga ta gaske, suka gudo daga ƙauyukansu cikin dare, wasu sun ga an harbe iyayensu. Yaro irin wannan, idan aka zaunar da shi gaban allo ana harbi ana ihu, ba wanda ya san abin da ake tayar masa a zuciya. Ga kuma kamu da wasan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 ta sa shi cikin jerin lalurorin da take lissafawa, idan ya kai mutum ya bar karatu da barci da mu'amala saboda shi.

To mu a nan ina muka tsaya? Muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa a Najeriya tun 1993, jihar Kano ma tana da tata tun 2001, kuma mun saba da muhawara a kan abin da ya dace a nuna a fim ɗin Hausa. Amma gem ɗin da ke hannun yaranmu ba ya bi ta teburin kowa. Ta waya yake shigowa, ko a tura shi daga wannan waya zuwa waccan, ko a loda shi a kasuwa a kan kuɗi kaɗan. Ku leƙa gidan gem na unguwa da yamma. Yawanci ƙwallo ake bugawa, wannan kuwa ba wanda ya damu da shi, lambar 3 ke jikinsa. Amma a gefe za ka ga GTA San Andreas ko Mortal Kombat, ga yara 'yan firamare sun yi layi da canjinsu a hannu. Waɗanda suka yi wasannin nan da kansu sun yarda an rubuta musu 18 a Turai. Mu ne ba mu karanta ba.

Idan aka ce a haramta, wa zai tsaya a bakin intanet ya tare? Iraƙi da Jodan sun ɗauki matakin hana wasan PUBG a 2019. Pakistan ta dakatar da shi a farkon Yulin 2020, kafin watan ya ƙare ta janye. Yaron da ya iya sauke wasa ya iya zagaye shinge. Abin da hani ke yi shi ne ya kwantar wa manya da hankali su ɗauka an gama, alhali abin ya koma ƙarƙashin bargo, inda ba mai gani. Lambar shekaru kuwa kamar rubutun jikin kwalbar magani ce. Maganin manya yana nan a kemis, ba a hana sayar da shi ba, amma an rubuta kada a ba yaro, kuma mai kemis na kirki ba zai miƙa wa ɗan shekara bakwai ba. Rubutun yana aiki ne idan gaskiya aka rubuta, kuma idan akwai babban da ya karanta. Ostareliya ta yi shekaru da rubutu marar gaskiya. Mu namu rubutun gaskiya ne, mai karantawa muka rasa.

Karanta shi kuwa ba ya buƙatar boko mai zurfi. Tsarin Turai, PEGI, wanda aka fara a 2003, lambobi ne biyar: 3 da 7 a koren akwati, 12 da 16 a ruwan goro, 18 a ja. Idan ka juya bayan kwalin ka ga hoton dunƙulallen hannu, akwai duka ko kisa a ciki. Idan faifan daga Amurka ya zo, harafin M na nufin sai ɗan 17 zuwa sama. A waya ma, kafin a sauke kowane wasa daga Play Store, lambar shekarun tana nan a rubuce ƙarƙashin sunansa, kuma akwai wurin da uba zai sa lambar sirri ya kulle duk abin da ya wuce shekarun ɗansa. Wanda bai iya ba, ya kai wa mai gyaran waya, aikin 'yan mintoci ne.

Wani abu kuma da ya kamata mu sa wa ido, su can sun riga sun fara. Tun watan Satumban 2024 Ostareliya ta ce duk wasan da ke kwaikwayon caca na ɗan 18 ne, wanda kuma ake biyan kuɗi a buɗe akwati ba a san abin da ke ciki ba, ba a ba da shawarar ɗan ƙasa da 15 ya yi shi. Jini ana ganinsa a allo, uba na wucewa zai hango. Caca kuwa shiru take shiga, sai ka ga kuɗin katin waya na ƙarewa ba ka san inda suke zuwa ba.

Ga hukumominmu, shawarata ita ce kada a fara da kulle shaguna da kama matasa masu neman na kansu. A kira masu gidajen gem a zauna da su, a amince da lambobin da ke jikin wasannin tun daga inda aka yi su, a ce mai lambar 18 ba a kunna wa yaro, a liƙa wannan da Hausa a ƙofar kowane shago, wanda ya saɓa a hukunta shi. Wannan doka ce da za a iya aiwatarwa, domin shagon yana unguwa, mai unguwa ya san mai shi. Malamanmu na Islamiyya da na boko su ma su san sunayen wasannin nan, don idan za su yi wa yara nasiha su yi ta a kan abin da yaran suka sani.

Kai kuma ɗan'uwa mai gidan gem, sana'arka halal ce, ba mai raina ta. Amma yaron da ya miƙo maka naira ɗari ɗan wani ne, amana ce ta shigo shagonka. Ka sa masa ƙwallo ko tseren mota, ka bar na manya sai manya sun zo. Samari da ke da ƙanne a gida, kun kai shekarun da za ku zaɓar wa kanku, to ku kulle wayoyinku idan za ku ajiye.

Iyaye maza da mata, yau da dare bayan sallar isha'i, ku kira yaron ku ce ya nuna muku wasan da ya fi so. Ba da faɗa ba, kada ya ɓoye. Ku zauna kusa da shi ya buga kuna kallo, ku tambaye shi da wa yake magana a ciki, sannan ku duba lambar. Idan kun ga 18 alhali shi yana da 11, ku cire, ku gaya masa dalili, ku taya shi neman wani.